Bimbinin Safiya: Ranar Miƙa Makullin Ofis

Karatun yau: Farawa 31:1-7 da 36-42, Ayyukan Manzanni 18:1-4

Mutanen Fantswam suna zaune a ƙasar nan tun kafin Bature ya san hanyarta, amma jirgin ƙasa ne ya mai da Kafanchan babban gari. A 1927 aka gama haɗa dogon da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya biyo ta nan zuwa Kaduna, wani reshe kuma ya ɓalle ya hau tudu zuwa Jos. Ban da kwal da kuza, dogon nan ya kawo mana wani baƙon abu da kakanninmu ba su saba da shi ba, wato albashi: kuɗin da ke zuwa ƙarshen wata, ko damina ta yi albarka ko ba ta yi ba. Manomin acca da ya ga ma'aikacin reluwe yana karɓar nasa a kan kari, sai ya ƙudura a ransa cewa ɗansa ba zai tsufa da fartanya a hannu ba. Aka sayar da akuya, aka sayar da citta, aka tura yara makarantun mishan a Kagoro da Kwoi da Zonkwa, domin su zama malamai da ma'aikatan asibiti da sojoji, ko su samu shiga masaƙun Kakuri a Kaduna. Jikokinsu ne yau suke aiki a bankuna da kamfanonin waya a Abuja da Legas.

Shi ya sa a wajenmu ajiye aiki ya wuce maganar mutum ɗaya. Albashin nan guda shi ke biyan kuɗin makarantar ƙanne, shi ke sayen maganin hawan jinin Baba, shi ya rufa wa Mama ɗaki da kwano, shi ke kawo buhun shinkafa ƙauye kowace Kirsimeti. Wanda ya ce zai bar shi, gidaje da yawa ne za su kwana ba barci.

Na san wani ɗan'uwa da ya yi kusan shekara 20 a wani banki. Ya shiga yana saurayi, yana ƙirga kuɗin mutane a kanta, har ya kai matsayin da ake ce masa oga, aka ba shi mota. Yakan fita yara suna barci, ya dawo ya tarar sun yi barci. Abokansa biyu da suka yi sakandare tare sun daɗe suna kiransa ya zo su haɗa jari, su riƙa sayen citta a hannun manoman Jaba da Kachia, su busar, su niƙa, su ɗura a leda da sunansu, maimakon a yi ta lodin ta buhu-buhu zuwa Legas wasu su ci ribar. Ya rubuta takardar ajiye aiki, ya ninke ta, ta yi makonni a aljihun kwat ɗinsa har gefenta ya yi laushi.

Da ya gaya wa mahaifiyarsa, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "Ɗana, mu da muka yi noman citta don ka rabu da citta, yanzu ita za ka koma wa? Ko dai an yi maka wani abu ne?" Matarsa ba ta ɗaga murya ba. Sai da dare ta ce, "Baban yara, ban hana ka ba. Amma watan Satumba fa? Da me za mu mai da su makaranta?" Ya tashi ya je wurin fastonsu ya ce, "Baba, ku taya ni da addu'a. Na rasa gane ko Allah ne ke magana da ni, ko gajiya ce kawai."

Yakubu ma shekara 20 ya yi a hannun Laban, kawunsa kuma surukinsa: 14 saboda Lai'atu da Rahila, 6 saboda garke. Ku karanta yadda ya ba da labarin aikin da bakinsa, za ku ji muryar duk wanda ya daɗe yana yi wa wani aiki. Ya sha zafin rana, ya sha sanyin dare, ya yi rashin barci. In naman jeji ya kashe tunkiya, shi ke biya. Sau 10 ana sauya masa lada. Duk da haka bai tashi ba sai da ya lura fuskar Laban ta sake, 'ya'yan gidan suna gunaguni a kansa, Ubangiji kuma ya umarce shi ya koma ƙasar iyayensa, ya yi masa alkawarin rakiya. Gajiyar tana nan tun da daɗewa, ba ita ta tashe shi ba. Amma kada mu raina gajiya. Sau da yawa da ita Allah ke fara jan hankalin mutum, gama wanda yake cikin daɗi ba ya cika saurarawa. Sai dai iyakarta ta ce maka fita. Ba ta san inda za ka ba. Don haka shawarar da ka yanke a daren da oga ya ci maka mutunci gaban ƙananan ma'aikata, ka bar ta ta kwana, ta sake kwana, ka kai ta gaban Allah bayan zuciya ta huce, ka ga ko tana nan da ranta.

Abin da ya fi taɓa ni a surar nan shi ne, kafin Yakubu ya ɗaure kaya sai da ya aika aka kira masa matansa can inda garken yake, ya shimfiɗa musu maganar daga farko har ƙarshe, suka ce sun yarda. A zamanin da ba a cika tambayar mata ba ke nan. Mu kuwa akwai mazan da matansu ke jin labarin murabus ɗinsu a bakin maƙwabta, ko a fitowa daga taron Zumuntar Mata. Wannan cin amana ne, ko da an yi masa riga da sunan bangaskiya. Matar ce za ta rage cefane, ita ce mai gidan haya zai tarar a ƙofa. Matar da ta tambayi zancen Satumba ba ta yi saɓo ba. Yesu da kansa, a Luka 14, ya yi maganar maginin da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya haƙa tushe. Ka zauna da ita, da biro da takarda, ku ga wata nawa ajiyarku za ta ɗauke ku in ko kwabo bai shigo ba. In lissafin ya ce a jira shekara guda, jiran ma biyayya ce.

Inda Yakubu ya gaza shi ne wajen fita. Ya bari sai da Laban ya tafi sausayar tumaki, ya sulale da iyali da dukiya ba sallama. Tsoro ne ya sa shi, shi da kansa ya faɗa. Abin da ya biyo baya kuwa, bin sawu na kwana 7, da zargi, da bincike tanti bayan tanti a tudun Gileyad. Allah ya ce masa ya tafi, bai ce masa ya gudu ba. Mai bi yakan fita ta ƙofar da ya shiga, da rana tsaka. Ka ba da sanarwa yadda takardar ɗaukarka aiki ta tanada. Ka koya wa wanda zai gaje ka aikin da zuciya ɗaya. In akwai rancen ma'aikata a kanka, ka biya. Ka mayar da kwamfuta da katin shaida da makulli, ka kuma sani lambobin abokan cinikin kamfani da asirinsa ba sa cikin garatutinka, ko da kai ka sha wahalar tara su. Ka shiga wurin ogan da ya gasa maka aya a hannu ka yi masa godiya a kan abin da ka koya, ka sallami masinja da maigadi da mai shara, kowa da sunansa. Shekara da shekaru suna ganinka da Littafi Mai Tsarki a kan tebur; makon ƙarshen nan shi za su fi tunawa.

Akwai kuma abin da Yakubu kansa bai sani ba. Rahila ta ɗauko gumakan gidan ubanta, ta cusa su a sirdin raƙumi ta zauna a kai. Sun bar gidan Laban, amma allolin gidan Laban suna cikin kayansu, sai can a sura 35, da za su haura Betel, aka tattara baƙin alloli aka binne kusa da Shekem.

Mu ma akwai gunkin da muke fitowa da shi daga kamfani, ba mai bincike da zai gan shi a jaka. Shi ne tunanin da ya zauna mana a rai shekara da shekaru, cewa ƙarar da waya ke yi wajen 25 ga wata ita ce ke riƙe da mu. Da baki muna cewa Ubangiji ne mai biyan bukata, muna fid da zakka da baiko, muna raira waƙa ranar Lahadi, amma kwanciyar hankalinmu tana wurin alat. Mu mutanen Kudancin Kaduna ya kamata mu fi kowa sanin ƙaryar gunkin nan. Masaƙar Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957, wadda iyayenmu suka ɗauka ba ta da ranar mutuwa, an rufe ta a 2002, sauran masaƙun Kakuri suka bi sahu, dattawa suka tsufa suna jiran haƙƙinsu. A 2005 bankuna 89 suka koma 25, ma'aikata da dama suka wayi gari ba su da tebur. Tashar jirginmu ta Kafanchan ma, wadda dā ba ta barci, kowa ya san yadda ta koma. Ban kawo wannan don in kushe aikin kamfani ba. Allah ya ciyar da mu ta hanyarsa, ya ilimantar da ƙannenmu, wajibi ne mu gode. Amma kamfani guga ne, rijiyar tana wurin Allah, kuma guga kan tsinke. Yakubu ya gane haka a ƙarshen maganarsa da Laban, inda ya shaida cewa da ba don Allahn kakanninsa ya tsaya masa ba, da ba zai fita gidan nan da ko akuya ɗaya ba.

Haɗarin da ke jiran wanda ya koma aiki da abokai shi ne ya ɗauko gunkin nan ya sauya masa suna. Jiya kamfani ne zai riƙe ni, yau mutanena ne za su riƙe ni. Sai ya ɗora wa abokai nauyin da ba ɗan Adam da zai iya ɗauka: su zama albashinsa, su zama fanshonsa, su san abin da ke ransa ba tare da ya faɗa ba, kada kuma su taɓa ɓata masa rai. Ranar da suka kasa, kuma za su kasa, jari zai karye, zumuncin ƙuruciya ya bi shi, har matan su daina gaisawa a ƙofar majami'a.

Daminar 2023 ta nuna mana wannan a fili. Cutar da ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye ta mai da ganye rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manomi ya tona ya tarar da laka mai wari a inda ya zuba kuɗin shekara. Waɗanda suka ci bashi tare suka yi noma tare, a nan maganganu suka fito. "Ai kai ka ce za ka ɗauki kuɗin taki." "A'a, mutumina, cewa na yi sai in an sayar." Ba takarda, ba shaida, domin ranar farawa kowa ya ji nauyin tayar da maganar. Riba ma tana raba mutane haka, wani lokaci ma ta fi asara kaifi.

Mukan ga kamar rubuta yarjejeniya da aboki rashin yarda ne. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. A Irmiya 32 annabi ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan baffansa. Ya auna masa azurfa shekel 17, ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu, ya miƙa wa Baruk ya ajiye a tulun yumɓu don ta daɗe. Annabi ne fa, ɗan'uwansa ne na jini, Allah ne ma ya ce ya saya. Bulus kuma da yake tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba, ya so ikkilisiyoyi su zaɓi masu rakiya don kada a sami abin zargi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku zauna tun ana dariya ku rubuta nawa kowa ya zuba, wa ke sa hannu a banki, nawa kowa zai ɗauka a wata, yaushe za a raba riba, yaya za a yi in ɗaya ya ce ya gaji, me matarsa da 'ya'yansa za su samu in Ubangiji ya kira shi gida. Ku yi wa sana'ar rajista, ku raba aljihunta da naku. Ku kira dattijo guda da dukanku kuke jin maganarsa ya zama shaida.

Ko da takarda, ko da addu'a, abokai kan saɓa. Barnaba ne ya kama hannun Bulus ya kai shi wurin manzanni sa'ad da kowa ke tsoronsa, shi ne kuma ya je har Tarsus ya nemo shi. Amma a kan maganar Markus suka yi gardama mai zafi har suka rabu, Barnaba ya nufi Kubrus, Bulus ya bi ta Suriya da Kilikiya. Luka bai ɓoye mana ba. Abin da ke ƙarfafa ni shi ne, bayan shekaru Bulus yana ambaton Barnaba da mutunci, yana ma roƙo a kawo masa Markus ɗin nan domin yana da amfani a gare shi.

Bayan wannan rabuwa ne muka tarar da Bulus a Koranti, a karatunmu na biyu. Akila da matarsa Bilkisu baƙi ne a garin, umarnin Kalaudiyas ya koro su daga Roma, su ma sun bar abin da suka gina a baya. Sana'arsu ɗaya da Bulus, ɗinkin tanti, sai ya sauka a gidansu suna aiki tare. Ku dubi mutumin nan da kyau: ɗalibin Gamaliyel, wanda dā yake yawo da wasiƙun babban firist, ga shi zaune da basilla da zare, tafin hannu ya yi kanta. Irin wannan saukowa tana jiran duk wanda ya bar babban ofis. Ba direba, ba masinja. Kai ne manaja, kai ne mai ɗaga buhu in yaran lodi ba su zo ba. Waɗanda suke miƙewa in ka shigo ɗakin taro za su daina ɗaga wayarka. Abin baƙin ciki, har a ikkilisiya ma wanda ake kira babban baƙo ranar tara gudummawa sai a daina aiko masa da kati. Yana da zafi, kada wani ya ce maka ba shi da zafi. Amma ga abin da ya fito daga shagon nan. Bulus ya yi shekara 1 da wata 6 a Koranti, suka tafi Afisa tare, a can ma'auratan suka ja Afolos gefe suka ƙara masa haske. A Romawa 16 ya shaida sun sa ransu cikin haɗari saboda shi, a wasiƙarsa ta biyu ga Timoti kuma, yana dab da mutuwa, bai manta da gaishe su ba. Su ukun Ubangiji ɗaya suke yi wa aiki, shi ya sa ba wanda ya nemi ɗan'uwansa ya zame masa Allah.

Ba sai mun je Koranti ba ma. A 1996 waɗansu masu ilimi da sana'a suka haɗa kai suka kafa Gidauniyar Fantsuam a nan Kafanchan. Dokta John Dada, wanda ya yi karatu da aiki a Ingila kafin ya dawo, da Kazanka Comfort suna cikin waɗanda suka riƙe ta. Da ƙananan rance ga matan karkara suka fara, suka ƙara da koyar da kwamfuta a Bayan Loko, har cibiyar ta ci lambar yabo ta Hafkin a 2001, daga baya suka kawo intanet mara waya yankin. Gidauniyar ba ta ikkilisiya ba ce, amma ina kawo ta don mu tuna cewa mutanen da ke da damar zama inda ake biyan su da kyau suna iya zaɓar gida, su fara da ƙaramin abu, aikin kuma ya rayu shekaru.

Ɗan'uwan nan na banki kuwa ya miƙa takardarsa daga baya, bayan shi da matarsa sun ware kuɗin makarantar shekara. Ya ce mini ranar 25 ta farko ya yi ta duba waya har la'asar, ya san ba abin da zai shigo, amma hannu ya saba. Sana'arsu tana tafiya, wani watan da sauƙi, wani watan da ƙyar. Sun riga sun yi cacar baki a kan sayen injin niƙa, suka ɗauko takardarsu suka karanta, aka wuce wurin. Mahaifiyarsa har yanzu ba ta gamsu ba. Sai dai in an shanya citta ita ce ke zuwa ta ɗauki ɗaya, ta karya kusa da kunne, ta ce masa a ƙara mata kwana biyu a rana.

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke karanta wannan kuna shirin kama motar ofis, kada ku ji kamar zamanku ƙarancin bangaskiya ne. An kira Lawi ya tashi daga teburin haraji, amma masu karɓar haraji da sojojin da suka je wurin Yahaya Mai Baftisma ba a ce musu su ajiye aiki ba, an ce su riƙe shi da gaskiya. Daniyel ya tsufa a aikin fadar Babila. Gunkin albashi ana iya binne shi mutum yana kan kujerarsa.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, ga ɗanka da takarda a aljihu, ka nuna masa ko muryarka yake ji ko ta gajiya. Ka ba shi bakin da zai yi magana da matarsa kafin kowa, ka kwantar da hankalin uwar da ta sayar da abin hannunta don ya yi karatu. Ka tuna da waɗanda ba su suka ajiye aiki ba, aikin ne ya ajiye su, da tsofaffin da har yau suke jiran haƙƙinsu. Ka tuna da manoman citta da suka koma gona da bashi a wuya. Abokan da za su buɗe shago tare da safen nan, ka sa gaskiya a littafin lissafinsu da haƙuri a bakinsu. Waɗanda kuma sana'a ta riga ta raba, ka ba ɗayansu ƙarfin halin fara gaisuwa. Ka ba mu abincin yau. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.